Ƙarfen da ke Cizo

Mu mutanen Dayi mun san damina da alamomi da yawa: ƙamshin ƙasa, tsadar taki, masara ta rufe gonaki daga nan har Malumfashi. Akwai wata alamar da ba mu cika faɗa ba. Da zarar ƙasa ta jiƙe, shagunan ƙarfe na bakin titi sukan fara cizo. Ka dafa ƙofar shagon cajin waya ko murfin firijin mai lemo, sai ka ji wani zir ya ratsa maka yatsu. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Yi haƙuri Malam, haka yake yi in an yi ruwa." Mu ma mu yi dariya, mu karɓi wayarmu mu wuce.

Ruwa ba ya tsami banza. Wannan zir ɗin wuta ce ta bar wayarta ta hau jikin ƙarfe, tana neman hanyar komawa inda ta fito. Garinmu mararraba ne, inda titin Kano da ya biyo ta Gwarzo ya haɗu da na Funtua zuwa Yashe, don haka kwantenoni da shagunan kwano sun yi yawa. Galibinsu a kan katako ko bulo aka ɗora su, kuma wuta uku suke sha: ta NEPA, ta janareta, da ta sola mai inbata. A Amurka da Turai masu motocin nan da ake kwana da girki a cikinsu suna fama da irin wannan matsala: akwatin ƙarfe ne a kan tayoyin roba, wutar da ta zubo ba ta da mafita sai jikin wanda ya taɓa motar yana tsaye a ƙasa. Haka motar mai tallan magani da ke ɗauke da janareta da lasifika ranar kasuwa.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Busasshiyar fata da takalmin roba suna tare mafi yawanta, shi ya sa babba yake jin zir kawai. Jiƙaƙƙen jiki kuwa turjiyarsa na iya sauka zuwa om 1,000, ka ga miliamfiya 230 ke nan za ta ratsa shi, alhali abin da ya haura 30 yana iya rikita bugun zuciya. Wa ke zuwa shagon ba takalmi? Almajiri, da yarinya mai tallan gyaɗa da ta raɓe tana jiran ruwa ya ɗauke. Abin da ya ba mu dariya, su yana iya zama ajalinsu.

Mun zauna da masu gyaran wuta, mun ga yadda na kirki yake binciken, kuma ba ya farawa da hannu. Yakan kafa ƙarfe a ƙasa mai danshi nesa kaɗan da shagon, ya auna da mita tsakaninsa da jikin shagon. Sai ya zare komai daga soket, ya riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya yana kallon mita. In lamba ta tashi sa'ad da aka jona firiji, an kama ɓarawo. In tana nan ko da an zare komai, laifin na wayarin ne: wayar da bakin kwano ya yanka, ko wadda ɓera ya ci, ko haɗin da aka naɗe da leda. Daga nan ya gwada wutar NEPA daban, ta janareta daban, ta inbata daban, domin sau da yawa a wurin sauya layi ake juya waya mai wuta da maras wuta. In an juya su, ko ka kashe makunni wutar tana nan cikin na'urar.

Sai babbar tambaya: ina waya ta uku? Filoginmu ƙafa uku gare shi, kuma mafi tsawo ita ce ta wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Aikinta ta kwashe wutar da ta ɓalle kafin ta sami mutum. Mu kuwa mun saba sayen waya mai jijiya biyu saboda araha, mu tura tsinke a soket mu cusa filogi mai ƙafa biyu.

Wasu suna ganin da an binne sandar tagulla da gishiri da gawayi, shi ke nan. Ba haka ba ne. In turjiyar sandar om 50 ce, wutar da za ta bi ta ba ta kai amfiya 5 ba, fis mai amfiya 13 ko gezau ba zai yi ba, jikin shagon kuma yana nan da wuta. Da hunturu, ƙasa ta bushe, abin ya fi haka muni. Dole a haɗa jikin shagon da firiji da janareta da wayar ƙasa, sannan a sa na'urar nan mai lura da yoyon wuta, wadda ke yanke layi da zarar miliamfiya 30 ta ɓace. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci zuwa lokaci.

In kuma wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu. A kashe layin ko janaretan, in ba hali a ture shi da busasshen itace, a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warke.

Mun iya lura da gona. Ganyen masara ya ɗan yi rawaya, mun san taki take so, ba ma jiran ta mutu. Sabo ne kawai ya hana mu yi wa ƙarfe irin wannan karatun, sabo kuwa turken wawa ne. Duk shagon da ya cije mu a daminar bana, mu gaya wa mai shi ya rufe layin ya kira mai gyara a ranar, tun kafin yaron da ba shi da takalmi ya iso.