Islanda: Tsibirin Da Ƴan Lakwal Ke Zuwa Karatun Wuta Da Ƙanƙara

A can arewacin tekun Atlantika akwai wani tsibiri da ake kira Islanda, babban birninsa Rekiyabik. Faɗinsa kilomita murabba'i 103,000 ne, wato sai an jera irinsa 12 kafin su cika Nijar, mutanensa kuwa ko rabin na Yamai ba su kai ba. Duk da haka, kowace shekara malaman labarin ƙasa na Ingila da sauran ƙasashen Turai sukan kwashi ƴan lakwal su kai su can na ƴan kwanaki, domin abin da aka zana musu a allo su taka shi da ƙafa. Gani ya kori ji.

Zangon farko yawanci Tingbelir ne, wani kwari da ke gabas da babban birnin. Masana sun nuna cewa doron duniya faranti-faranti ne manya da ke motsi sannu a hankali, Islanda kuma tana zaune daidai inda farantin Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya ke rabuwa, misalin santimita 2 a shekara. Ta wannan tsaga ne narkakken dutse ke samun hanyar fitowa. A kwarin ne kuma mutanen tsibirin suka kafa majalisarsu tun shekarar 930.

Aman wutar duwatsu ba tatsuniya ba ce ga mutanen nan. A watan Janairu na 1973 ƙasa ta tsage cikin dare a bakin garin Heimai, aka kwashe mutane wajen 5,000 cikin jiragen kamun kifi kafin gari ya waye sosai. Waɗanda suka tsaya suka yi ta feso ruwan teku kan narkakken dutsen har ya daskare, tashar jiragen da garin ke ci da ita ta tsira. A watan Afrilu na 2010 tokar wani dutse na kudancin ƙasar ta rufe sararin Turai kusan mako guda, aka soke tashin jiragen sama wajen 100,000, fatake da kayansu suka maƙale a filayen jirgi. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka tashi garin Girindabik baki ɗaya, bayan wata biyu wuta ta ci gidaje 3 a gefensa.

Daga wuta sai ƙanƙara. Kusan kashi 10 cikin 100 na tsibirin tulin ƙanƙara ne wanda ya taru shekaru aru-aru, yana gangarowa kamar kogi amma da tafiyar hawainiya. Baƙi sun fi zuwa wanda ake kira Solhema, inda jagora ke ɗaura wa kowane yaro ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalmi, ya hana kowa kauce wa layi saboda ramuka. Tun shekarar 2010 yaran wata lakwal ta garin Hubolsbollur suka soma zuwa kowace kaka suna auna bakin ƙanƙarar, suna rubuta sakamakon a wani allo. Cikin shekaru 10 ta ja baya da ɗaruruwan mitoci, inda take a da ya koma tabki. A 2014 masana suka ce ƙanƙarar dutsen Ok ta mutu, a 2019 aka kafa mata alamar tunawa. Ɗumamar yanayin da ke cin wannan ƙanƙara ita ce ke rikita damina a ƙasashen Sahel.

Zango na ƙarshe shi ne izin ɗin lantarki na Hellishedi, mai ƙarfin megawat 303. Rijiyoyi ake haƙawa masu zurfin gaske, tururi ya taso daga cikin ƙasa ya juya injuna, ruwan zafi kuma a tura shi ta bututu zuwa gidajen birni. Misalin kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga madatsun ruwa yake fitowa, sauran daga zafin ƙasa, kuma gida 9 cikin 10 da wannan zafi ake ɗumama su. Ba haka suka tashi ba. Da gawayin dutse da man fetur na waje suke fama, sai tsadar mai ta 1973 ta sa hukuma ta ƙara himma wajen haƙa da shimfiɗa bututu. Yau har tumatur suke nomawa cikin ɗakunan gilashi a tsakiyar hunturu.

Wannan darasi ya shafi duk wanda ke da firji a shago ko injin niƙa a unguwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ake sha, har zuwa Maris na 2024. Islanda zafin ƙasa ta samu, Nijar rana ta samu, kuma tun tuni marigayi Abdu Mumuni ya ba da rayuwarsa ga binciken amfani da ita. Tashar hasken rana ta Malbaza ta soma aiki a 2018, ta Goru Banda mai megawat 30 a 2023.

Kuɗin jirgi zuwa Islanda ya fi ƙarfin iyaye da yawa ko a Turai. Amma yaran Hubolsbollur da igiyar awo da littafi suka fara, a yankinsu. Malamin Maraɗi yana da Gulbi, na Tawa yana da Malbaza, na Agadas yana da tsofaffin duwatsun wuta na Ayar da ruwan zafin Tafadek. Abin da ya rage shi ne mota, da izinin hukuma, da iyayen da za su yarda cewa yini guda a bakin kwari karatu ne.