Awa shida, awa takwas: lissafin da kika riga kika iya

Uwargida, idan yaronki na aji biyar ya kawo miki aikin gida mai LCM a ciki, kada ki yi saurin cewa "jira babanka ya dawo". Kin daɗe kina wannan lissafin, sunansa ne kawai ba a gaya miki ba.

A ce an rubuta wa yaro magani biyu, ɗaya duk awa shida, ɗaya duk awa takwas, kika ba shi duka da ƙarfe shida na safe. Na farkon zai dawo sha biyun rana, shidan yamma, sha biyun dare. Na biyun kuwa biyun rana da goman dare. Sai shidan safiyar gobe, bayan awa 24, za su sake haɗuwa a hannunki. To, 24 ɗin nan ita ce LCM ta 6 da 8, wato lamba mafi ƙanƙanta da kowaccensu ke shiga ba saura. Mu ma'aikatan jinya da irin wannan ƙirgen muke kwana a bakin aiki.

Inda yara ke tuntuɓe shi ne tambayar tana zuwa a labari, da Turanci: ƙararrawa biyu, ko motoci biyu da suka bar tasha tare. Yaron bai gane labarin ba, sai ya cafke lambobin ya ninka, 6 sau 8, ya rubuta 48. Ai kuwa suna haɗuwa a 48, amma karo na biyu ke nan, na farko ake nema. Malam ya ja jan biro, yaro ya dawo gida yana cewa shi ba shi da kan lissafi. Wannan maganar ta fi ba ni tsoro a kan makin da ya rasa, domin da ita zai shiga jarabawar shiga sakandare.

Kafin ya taɓa fensir, ki sa ya ba ki labarin da Hausa. Sannan ya jera 6, 12, 18, 24 a layi ɗaya, 8, 16, 24 a ƙarƙashi, ya zagaye inda suka fara cin karo. Hanyar rabawa da malam ya koyar ta fi sauri, amma ta jira sai ya fahimci wannan.

Ki kuma tambaye shi: haɗuwa ake nema ko rabo? Idan lemo 12 da alewa 18 za a raba daidai ga yara mafi yawa, wannan HCF ce, amsar kuma 6.