Tsakaninmu: Wasanni Ukun Farko na Ten Hag a United

Ku ɗan matso, ku rage murya, kada 'yan Liverpool ɗin can su ji, maganar ta cikin gida ce. Tun da Manchester United ta sallami Erik ten Hag a Oktoban 2024 kowa ke kawo nasa dalilin. Wani ya ce kuɗin da aka zuba a kan Antony, wani ya ce rauni ne ya cinye 'yan baya, wani ya ɗora wa iyalan Glazer. Ni a ganina an yanke hukuncin tun Agustan 2022, kuma a daren da muka fi yin murna.

Ku tuna abin da aka je nema a Amsterdam. Mutumin ya ci gasar Holan sau uku da Ajax, a 2019 kuma ya je har gidan Real Madrid ya zuba mata 4-1 da yara irin su De Jong da De Ligt. Salon aka sayo: ƙwallo ta taso daga ƙafar gola, ta bi ƙasa daga wannan zuwa wancan har ta isa raga. Shi ya sa ya kwashe lokacin cinikin 'yan wasa yana zawarcin De Jong, wanda zai karɓi ƙwallo daga baya ya juya da ita. Yaron ya ce shi da Barcelona mutu ka raba. Sai kaka ta buɗe da Fred da McTominay a tsakiya.

Ranar 7 ga Agusta Brighton ta zo Old Trafford, Pascal Gross ya zura biyu kafin hutun rabin lokaci. Ɗayar da muka samu ma Mac Allister ne ya ci gidansu. Muka ce ai farko ne, a yi haƙuri.

To, Brentford fa? Alhaji, kada ka kau da kai, kai ma ka gani. Huɗu cikin minti 35, mu kuma cikin wata koriyar riga mai kashe ido. Ta farko ta sulale ta ƙarƙashin De Gea, wannan tsautsayi ne, yana faɗa wa kowane gola. Ta biyun ita ce abin dubawa. De Gea ya yi abin da koci ya ce a yi, ya miƙa wa Eriksen gajeriyar ƙwallo a bakin da'irarsa, Jensen na manne da shi, ya ƙwace ya jefa a raga. Wannan salon Ajax ne aka gwada da ƙafafun da ba a koya wa shi ba, a gaban ƙungiyar da ta zo musamman don farautar irin wannan kuskure. An cire Lisandro Martinez a hutun rabin lokaci, masu sharhi suka yi ta cewa gajarta ba za ta bar shi ya tsare baya a Ingila ba. United ta kwana a ƙasan teburi, Ten Hag ya zama kocinta na farko tun 1921 da ya sha kashi a wasanninsa biyu na farko.

Washegari ya soke hutu, ya sa su gudun kilomita 13.8, daidai tazarar da 'yan Brentford suka fi su gudu a fili, shi ma da shekarunsa 52 ya bi sahu. Wannan labari ya yi mana daɗi ƙwarai, mu da muke son koci mai bulala.

Sai Litinin 22 ga wata, Liverpool. Ya ajiye kyaftin Maguire a benci, ya ajiye Ronaldo kusa da shi, aka zagaya da Casemiro ana nuna wa jama'a kafin a take wasa. Sancho ya ci, Rashford ya ƙara, aka tashi 2-1. Gidan kallo ya kusa tsagewa. Amma ku koma ku kalli wasan da sanyin rai. De Gea ba ya ba da gajeriya, dogo yake bugawa can gaba. Liverpool ke riƙe da ƙwallo, mu muna jira a ƙwace a tura wa masu gudu. Haka aka ci Arsenal 3-1 a farkon Satumba, biyun Rashford duk na harin ramuwa ne. Magini ne aka ɗauko ya ta da sabon gida, ya iske damina ta kankama, ya koma liƙe yoyo.

Ban ga laifinsa ba, Allah ya sani. Ɗan ƙasarsu Frank de Boer ya nace wa irin wannan salo a Crystal Palace a 2017, wasan lig huɗu babu ci ko ɗaya, aka nuna masa ƙofa. Ten Hag ya fi shi dabara, kuma a kan Ronaldo ya nuna yana da zuciya: da ya ƙi shiga wasan Tottenham ya dakatar da shi, kafin ƙarshen Nuwamba an raba gari. Kofin Carabao ya zo a Fabrairu, aka gama kaka a na uku. Sai dai liƙin nan da aka yi don a tsira daga Agusta shi ya zama gidan. Duk ranar da aka haɗu da waɗanda suka san inda yake yoyo, sai a ga 6-3 a hannun City, ko 7-0 a Anfield. A kakarsa ta biyu da bakinsa ya faɗa cewa United ba za ta taka ƙwallo irin ta Ajax ba.

Bayan United, a 2025 Ten Hag ya gaji Xabi Alonso a Bayer Leverkusen, a daidai lokacin da Wirtz da Frimpong suka tafi Liverpool. Hoffenheim ta ci shi a gida, a Bremen kuma yana gaba da 3-1, abokan karawa saura mutum goma, aka tashi 3-3. Jamusawan ba su jira wasan lig na uku ba, ranar 1 ga Satumba suka sallame shi.