Jikkar Wankin Inna

Ran da na fara sauka ɗakin kwanan ɗalibai a nan jami'a, mu huɗu aka haɗa ɗaki guda, kowa yana kwance kayansa yana neman inda zai cusa su. Sai wani ɗan birni daga cikinmu ya fito da wani abu a naɗe kamar faifai, ya ɓalle masa maɗauri, abin nan ya yi tsalle ya miƙe tsaye, ya zama kwando na raga. Ya ce na zuba kayan wanki ne. Ni kuwa na zaro tawa jikkar wadda aka ɗinka da tsofaffin zannuwa, na rataye ta a ƙusa. Aka dube ta aka bushe da dariya, wani ya ce ashe na zo karatu da wandon kakana. Ban ga laifinsu ba, don kuwa bakinta zariya gare shi, sak irin ta wando. Na taya su dariya, ban ce kome ba. To, yau ina so in biya bashin bayanin da ban yi ba a ran nan.

Ni mutumin ƙasar Bukkuyum ne, ƙauyenmu ba shi da nisa da 'Yargalma. Mu dai mun taso mun iske kowane kaya da mazubinsa. Tufafin ado suna cikin adudu, hatsin da za a kai kasuwa taiki ne ko buhu, taki kuwa mangala ce a bayan jaki. Daga baya jikkar nan mai zane-zane ta shigo, wadda ta samo sunan Ghana a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta sallami baƙin da ba su da takardu. Kayan wanki kaɗai ne ba su da mazubi. Mace takan shimfiɗa zanenta ne ta tara su a kai, ta ƙulle, ta aza a kai sai bakin gulbi. In ta gama, ta kakkaɓe zanen ta goya ɗanta da shi. Haka aka gada, ba a kuwa taɓa ganin aibin abin ba.

Ana nan sai zinariya ta yi daraja, samari suka bar gona suka koma haƙa. Yayana yana cikinsu. Akan kawo duwatsun cikin gida a buhunna, a farfasa, a kai inji a niƙa, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen nan cike yake da dalma, ba mu sani ba. A farkon 2010 yara suka fara amai da shiɗewa, wasu suka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska. Likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières su suka fara lura da yawan mace-macen, aka auna jini aka gano gubar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu a ƙasar Anka da Bukkuyum. Autanmu yana cikinsu, bai cika shekara biyu ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Aka kwantar da yara asibiti a Anka da Bukkuyum ana ba su maganin da ke fitar da dalma daga jini. Aka kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Dareta da 'Yargalma aka zuba sabuwa, aka hana niƙa dutse cikin gari. Ma'aikatan lafiya kuma suka yi ta nanata cewa duk mai aikin dutse ya yi wanka ya bar tufafin aikinsa can kafin ya shigo gida, don ƙurar tana bin riga. Magana ce mai kyau, amma fa mutumin da ya wuni cikin rami, ga shi rigunansa biyu ne tak, ba kullum zai bi ta ba. Yayana yakan dawo da almuru fari fat, ya tuɓe ya yar a ƙofar ɗaki.

Inna ba ta kiran sunansa, da yake ɗan fari ne, ba ta kuma iya tsayawa yi masa faɗa. Sai ta tattara zannuwanta guda uku da suka kwana biyu, ta tasa ni gaba zuwa wurin wani tela a cikin Bukkuyum ran kasuwa. Ina da shekara takwas, amma ban manta cinikin da suka yi ba, don kuwa duk abin da telan ya kawo sai ta ture.

Ya ce ta sayi buhun taki mana, ya fi arha. Ta ce saƙarsa tana da ƙofofi, ƙura tana fita kuma tana maƙalewa. Ya ce to, ya sa mata zif. Ta ce: "Zif ɗin ga in ya ci ƙasa mutuwa yaka yi, wa ka gyara min shi ƙauye? Sa min zariya." Ya ce zai sa kwali a gindi don ta tsaya da kanta. Ta ce kwali ba ya shiga ruwa, ya yanka gindin zagaye ya ninka ƙyallen biyu, in kaya sun shiga za ta zauna. Ta sa ya kalmashe kowane ɗinki ya bi shi sau biyu, don kada a bar zare-zare a ciki inda ƙura za ta ɓuya. Ta sa ya yi mata doguwar maratayi, wadda za ta kai reshen darbejiyar da ke waje, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Daga ƙarshe ta ce biyu take so: baƙa ta kayan aiki, mai fure ta kayan gida, don ko yaro ya gani ya san wadda ba a taɓawa. Telan ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ɗinka wa dauɗa riga ba. Ta ce yau ya fara.

Watau abin da take nufi duka guda ne, ni sai da na girma na gane shi. Tana son mazubin da shi ma za a jefa cikin ruwa tare da kayan da ya ɗauko, a wanke shi, a shanya, a naɗe. Kwando ba ya wankuwa haka, adudu balle. Tun daga ran nan kuwa zanen goyo bai ƙara ɗaukar wanki a gidanmu ba. Ba na cewa jikka ce ta tsirar da sauranmu, kankare ƙasa da magani su suka yi wannan aiki, da ikon Allah. Amma ita ce iyakar abin da ke hannun Inna, ta kuwa yi shi da kyau. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukanmu a watan Janairu na 2022 muka komo cikin gari, adudunta can aka baro shi, jikkunan nan biyu su suka ɗauko tufafinmu.

Kada mai karatu ya zaci ina kushe kwandon abokina. Wanda ya ƙirƙiro shi ya yi tunani. Wayar da ke cikinsa ita ke tsayar da shi baki buɗe, ka jefa riga da hannu ɗaya, alhali tawa sai na sa hannu biyu. Ragar kuma don iska ta ratsa ne, kada jiƙaƙƙen tawul ya yi fumfuna. Sai dai an yi shi ne don gidan da damuwarsa danshi ce. A ƙasar da damuwarta ƙura, raga ba ta tsare kome, da hunturu ma kayan cikinsa sukan fi na waje yin fari.

Duk da haka ya burge ni, har da aka yi hutu na sayi ɗaya a babbar kasuwar Sakkwato na kai wa Inna tsaraba. Na ɓalle shi a gabanta ya yi tsallen nan nasa, ta ja da baya tana salati. Ta ɗauka ta jujjuya, ta zura yatsa cikin ragar, ta lalubi wayar, sa'an nan ta ce: "In ya ƙazantu, ƙaƙa aka wanke shi?" Na ce sai dai a goge. Ta ce Allah ya yi albarka.

Da na koma hutun bara na iske shi a kife bayan madafa, an danne shi da dutse, 'yan tsaki bakwai a ciki saboda shirwa.