Furen teku ba kayan ado ba ne

A makarantar horon malamai inda nake koyar da ilimin halittu, darasin teku ya fi kowane ba ni wuya. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma da yawa daga ɗalibaina ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabkin Madarunfa girma ba. Abin da ke taimaka mini shi ne bidiyon da ƙanena mazaunin Faransa yake aiko mini ta WhatsApp, na wata halitta da yake kiwo a akwatin gilashi cikin ɗakinsa.

Faransawa na ce mata anémone de mer, ni kuwa a aji furen teku nake kiranta. Irin tasa ita ce Heteractis magnifica, wadda ake samu a Bahar Maliya da tekun Indiya da yammacin Fasifik, faɗinta kan kai kusan mita guda. Duk wanda ya gan ta sai ya rantse tsiro ce, alhali dabba ce, dangin murjani. Tana da baki a tsakiya, da ɗaruruwan yatsu masu harbi, da ƙafa guda da take manne wa dutse. A cikin namanta akwai ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, su ke haɗa mata abinci da hasken rana. Kifin nan da yara suka sani da Nemo a cikin yatsunta yake fakewa, harbinta ba ya kama shi.

Ƙanena sai da ya yi kusan shekara yana gyaran ruwa kafin ya saka ta. Gishiri giram 35 a kowace lita, zafin ruwa wajen digiri 25, fitila mai ƙarfi da rana, injin kaɗa ruwa dare da rana. In wuri bai yi mata ba, sai ta saki dutse ta kama tafiya, wani lokaci ta faɗa bakin injin ya yayyaga ta. In ta wahala sai ta fitar da tsirran nan, ta yi fari fat, yunwa ta ci ta a hankali. In kuma ta mutu cikin dare, gawarta na ɓata ruwan, kifayen ma su bi ta. Ga shi galibinsu daga teku ake ciro su, a bar kifin da ke zaune ciki ba mafaka.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ko lakwal za ta iya sayen irinta, tunda gani ya kori ji. Na ce mata a'a. A watan Afrilu zafinmu na wuce digiri 40, wuta kuma sai ta ga dama take zama. Yini ɗaya ba lantarki ya isa ya kashe abin da zai iya shekaru masu yawa a teku.

Amma ban so ta bar tunanin ba, don tana da gaskiya: yaro na bukatar ya ga rai da idonsa. Abin da nake roƙon sabbin malamai shi ne su ɗauki ɗabi'ar ƙanena, su bar masa dabbarsa. Da damina a ɗebo talibambam a kududdufi, a sa a bokiti da ruwan wurin, yara su riƙa rubuta abin da suka gani kullum har ƙafafu su fito, sannan a mayar da su inda aka ɗebo su kafin hutu.

Ku kuma iyaye, in yaro ya shigo gida da kunkuru ko bushiya, kada ku tsaya ga tsawa. Ku tambaye shi me take ci, ina take kwana, wa zai ba ta ruwa ranar da ya tafi lakwal. In ya rasa amsa, ku raka shi ya mayar da ita.