Gurbin da Tomcat Ya Bari Fanko

Saura kwana biyu ta miƙa aiki, shafin rajistar ɗalibai ya ƙi buɗewa. Manhajar ta shekara uku tana gudana lafiya a kan WildFly, amma makarantar da ke amfani da ita ta gaji da kuɗin hayar babbar sabar, wanda ake biya da dala. Sai injiniyar ta ba da shawarar a koma kan Tomcat, wanda ƙaramar na'ura ma za ta ɗauke shi. Ta bugi ƙirji cewa babu abin da zai canza. Ga shi yanzu duk wanda ya taɓa shafin, saƙo ɗaya yake gani: NullPointerException.

Layin da ya faɗi ba shi da aibi. A samansa akwai alamar @Inject, wadda ma'anarta ita ce: wannan aji yana buƙatar mai magana da rumbun bayanai, a kawo masa. Dabarar ke nan da za a iya kira miƙa abin dogaro, wadda rubutun Martin Fowler na 2004 ya yayata sunanta. Magini ba ya sauka daga kan katanga don ya buga bulo. Lebura ne ke miƙo masa. Haka aji ba ya ƙera abin da ya dogara da shi, wani ne ke ƙerawa ya ba shi, don a iya musanya shi ranar gwaji ba tare da an rushe ginin ba.

Abin da ta manta shi ne, alama roƙo ce kawai. Sai da mai saurare take aiki. A duniyar Java, ƙa'idar CDI ce ta tsara wannan hidima tun 2009, Weld kuma shi ne leburan da ke aiwatar da ita. WildFly yana zuwa da Weld a cikinsa, shi ya sa ba ta taɓa tunanin akwai shi ba. Tomcat kuwa bai yi wa kowa wannan alkawari ba. Aikinsa ya karɓi buƙata daga mai ziyara, ya ƙera ajin da zai amsa ta, ya miƙa amsa. Idan ya ga @Inject, wucewa yake yi, gurbin ya zauna fanko, kuma ba ya cewa uffan. Wannan shirun ne ya fi cin rai. Rashin nauyin da ake yabon sa da shi, daga irin waɗannan hidimomin da ya sauke ya samo shi.

Ta ƙara Weld cikin manhajar kamar yadda wani tsohon jagora ya nuna, ta sake kunnawa. Fanko dai.

Nan ne ta kwashe mafi yawan daren, kuma laifin na tarihi ne. A 2017 Oracle ya miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse, amma ba a daidaita kan ci gaba da amfani da sunan javax ba. Saboda haka daga Jakarta EE 9, wanda ya fito a 2020, aka mayar da sunayen zuwa jakarta. Tomcat 10 sabon sunan kaɗai yake ji. Ita kuwa Weld 3 ta ɗauko, mai gabatar da kansa da tsohon suna. Lebura ya iso wurin gini, yana ta sallama da harshen da mai gadi ba ya ji. Ba a kore shi ba, ba a kuma shigar da shi ba. Da ta duba rahoton tashin sabar da kyau, sai ta lura babu layi ko ɗaya da ya ambaci Weld. Da tun farko nan ta fara dubawa, da ta yi barci.

Ta sa Weld 5, wanda ya dace da Tomcat 10.1, ta gyara sauran wuraren da javax.inject ya maƙale. A wannan karon manhajar ta yi ƙara: WELD-001408, wato an nemi abin dogaro ba a samu mai cike gurbin ba. Ta yi murna da ganin kuskuren, domin aƙalla an samu mai magana.

Sauran gyaran bai ɗauki lokaci ba. A da, fayil ɗin beans.xml marar komai a ciki yana nufin a kula da duk azuzuwan manhaja. Daga CDI 4.0, yana nufin a kula da masu alama kawai. Tana iya dawo da tsohuwar ɗabi'ar da layi guda, amma ta zaɓi ta bi azuzuwan ɗaya bayan ɗaya tana sa musu @ApplicationScoped ko abin da ya dace da su. Zaɓinta ya fi, ko da ya ci mata rabin awa: a hanya ta gano aji biyu da babu mai kiransu, ta goge su.

Ana kiran assalatu shafin ya buɗe. Ta rubuta lambobin Tomcat da Weld ɗin da suka jitu a saman takardar bayanin aikin, don wanda zai gaje ta, sannan ta tashi yin alwala.