Tayar da ke sacewa ba tare da huji ba



Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, keke ya dawo da martabarsa a ƙasar Funtua da Malumfashi. Wanda ya jingine Raleigh ɗin mahaifinsa a zaure shekara goma ya fito da shi ya kakkaɓe. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, masu noma ta wajen Ƙafur da Ɗanja, kowa ya koma taka feda. A wannan tsakanin ne wasu irin kekuna suka fara shigo mana ta hannun 'yan gwanjo, siraran nan masu lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, taya kamar yatsa, waɗanda yara ke kira keken tsere. Irinsa nake hawa daga Funtua zuwa wurin aikina ta wajen Bakori, wata Asabar ɗin kuma in miƙa har Malumfashi in gaida goggona. A cikin tayarsa na tarar da abin da ya sa muka shafe kusan wata muna musu da mai facin unguwarmu.

Tib ne, amma ba baƙi ba. Kore ne, marar nauyi, mai santsi, in ka ja shi sai ya yi ta bin hannunka kamar ba zai tsaya ba. A jikinsa an rubuta Michelin. Halinsa kuwa shi ne, in na ba shi iska da safe ya yi tauri, zan je aiki in dawo lafiya lau, amma washegari in na matsa tayar da babban yatsa sai in ji ta yi laushi. Na kai wa mai faci, dattijo ne da ya fi shekara 30 yana wannan sana'a. Ya tsoma shi a ruwa ya zagaya sau uku, ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Ya tofa yawu a bakin bawul, shiru. Ya ɗago ya ce, “Malam, wannan jabu ne, balan-balan suka sa maka. Jefar da shi in sa maka na kirki.” Na ce, “Baba, jabun da ya kai ni Malumfashi ya dawo da ni?”

Mu duka biyun muna da gaskiya ta wani ɓangare. Tib ɗin ba jabu ba ne, hasali ma ya fi baƙin tsada. Amma ba don irin aikin da Baba ya saba gani aka yi shi ba.

Sunansa lateks, wato ɗanyen danƙon itacen roba, wanda ake tsaga bawon bishiya ya tsiyayo fari kamar madara. Kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Waɗanda suka manyanta za su tuna jan tib na da, wanda yara ke bi wurin masu faci suna roƙo don yin danƙon harbin tsuntsu, saboda ya fi baƙin miƙewa. To dangi ɗaya ne. Ko 'yar robar nan da ake zura wa bawul ɗin tsohon keke, wadda in ta tsufa take tsagewa taya ta sace, ita ma danƙon itace ce. Lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska a 1887, babu wata roba sai ta itace. Baƙin tib da muka sani, wanda ake kira butil, daga man fetur ake haɗa shi. A Amurka aka ƙirƙiro shi a 1937, ya kuma samu shiga a yaƙin duniya na biyu, bayan Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya. Abin da ya ba shi nasara abu ɗaya ne: yana riƙe iska fiye da danƙon itace ninki da yawa.

Nan ne amsar musunmu take. Lateks yana da ƙananan kafofi a jikinsa da ido ba ya gani, ruwan mai faci ma ba ya nunawa. Iska tana zurarewa ta ko'ina a hankali, kamar yadda randar ƙasa ke tsattsafo da ruwa ba tare da ta fashe ba. Kwana ɗaya zai iya zubar da kashi ɗaya cikin goma na iskarsa, ko fiye. Wannan ba ciwo ba ne, halitta ce. Wanda bai san haka ba zai yi ta biyan kuɗin neman hujin da babu shi. Maganinsa famfo ne kowace safiya, shi ke nan. Ni na mai da shi kamar goge takalmi, bayan na dawo daga masallaci.

Sai dai wannan halin shi ke jawo ciwo na gaske in aka yi sakaci. Tayar keken tsere faɗinta milimita 25 ne ko 28, tana son iska tsakanin 80 zuwa 100 a ma'aunin famfo, gwargwadon nauyin mahayi. In ta kwana biyu ba a ƙara mata ba, aka hau, aka faɗa ramin kwalta, sai rim ya danne tib a jikin bakin ramin ya huda shi wuri biyu jere, kamar shatin haƙoran maciji. Duk wanda ya san gefen titinmu lokacin kaka, sa'ad da manyan motocin masara da waken suya ke tilasta wa mai keke sauka daga kwalta ba shiri, ya san irin dukan da nake nufi. Idan ka ga huji biyu a jere, kada ka ɓata lokaci kana laluben ƙaya a cikin taya. Ƙarancin iska ne.

Abin da na fi jin daɗin koya a wannan harka shi ne karanta huji. Kafin a cire tib gaba ɗaya, a lura da inda bawul yake a jikin taya, don a gane wurin da abin ya faru. Ƙaramin huji ɗaya ta bayan tib, ɓangaren da ke kallon ƙasa, wannan ƙaya ce ko kwalba, ko siririyar wayar nan da ke fita daga fasasshiyar tayar tirela ta warwatsu a gefen hanya. A wajenmu tsidau ne babban maƙiyi, musamman bayan ɗaukewar ruwa in ya bushe, sai ƙayar bagaruwa da ta aduwa a hanyoyin gona. A bi cikin taya da yatsa a hankali, don sau da yawa kan ƙayar yana nan a maƙale yana jiran sabon tib.

Amma in hujin yana ta ciki, ɓangaren da ke kwance a kan rim, to ba hanya ce ta yi laifi ba. Rim ɗin keken tsere yana da ramuka inda ake ɗaure wayoyin ƙafa, an rufe su da wani ƙyalle mai tauri da ya zagaye shi. Baƙin tib mai kauri ne, ko ƙyallen ya ɗan goce zai haƙura. Lateks ba ya haƙuri. Duk kafar da ya samu, komai ƙanƙantarta, sai ya kutsa ciki ya yi ƙulli kamar ƙurji, ya yi ta sirancewa har ya fashe, wani lokaci ma keken yana jingine a ɗaki. Na ga wani matashi a Malumfashi da ya yi faci huɗu a wuri ɗaya cikin mako biyu, yana cewa an yi masa baki. Da aka ɗaga ƙyallen rim ɗinsa, sai ga shi tsohon baƙin tib ne aka yanka aka ɗaura, irin yadda ake yi wa Phoenix, iska ta tura shi cikin ramukan. Dabarar da ke aiki a keken dako ba ta ɗaukar iskar 90.

Bawul ma haka. Na keken tsere siriri ne, mai ɗan noti a kai da ake warwarewa kafin a ba shi iska, kuma bakin famfon masu facin babur ba ya kama shi. Wasu sai su ce a faɗaɗa ramin rim a sa bawul irin na babur. In an yi haka sannan aka mayar da siririn, lateks zai leƙo ta gefen ramin ya yanke a gindin bawul, wurin da faci ba ya kamawa. Akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ake ɗaurawa a kan siririn bawul ya karɓi kowane famfo. Nawa yana cikin aljihun da nake sa makulli.

Fashewa mai ƙara kamar bindiga, da doguwar tsaga kamar tsawon yatsa, wannan daga wajen sawa ne. Tib ɗin ya maƙale tsakanin leɓen taya da rim. Saboda laushinsa, yana naɗewa ya shiga ƙarƙashin leɓen ba a sani ba, kuma ba lallai ya fashe nan take ba, yana iya bari sai an yi nisa. A zamanin nan kuwa ba wanda yake son magariba ta same shi yana tura keke tsakanin gari da gari, kowa ya san dalili. Shi ya sa nake tsayawa a kan wannan mataki fiye da kowane. A shafa wa tib hoda, irin ta jarirai ma ta isa, don kada ya manne wa taya. A hura masa iska kaɗan da baki ya ɗauki siffa. Kada a cika shi a waje don gwaji, zai kumbura gefe guda ya lalace. A mayar da leɓen taya da tafin hannu, ban da sukundireba, ban da bakin cokali. Sannan a bi taya gaba ɗaya ana matsawa ana leƙawa, gefe da gefe. A nan launinsa yana taimako: kore ko ruwan hoda, irin na Vittoria, in ya leƙo za ka gan shi. A ba shi iska rabi, a sake dubawa, sannan a cika.

Da aka zo maganar faci sai da muka sake zama da Baba. Shi ya saba da facin wuta, a ɗora danƙo a danne da ƙarfe mai zafi, kuma yakan goge wurin da fetur tukuna. Dukansu biyu guba ne ga lateks: zafin ya cinye shi, fetur da baƙin mai kuma su kumbura shi ya saki. Facin sanyi ake yi masa. A ɗan kankare wurin sama-sama, a shafa sholisho kaɗan a bar shi ya sha iska, a manna. In da tsohon lateks da ya mutu, a yanko ɗan da'ira daga jikinsa, ya fi kowane faci dacewa domin tare suke miƙewa. Baba ya gwada, ya ja, ya sake ja, ya ce, “To Malam, wannan ba aikin gaggawa ba ne, kuma kuɗinsa daban.” Ban yi musu ba.

Rana ma tana cinsa. Na ajiya kada a rataye shi a ƙusa a rumfar kwano yadda ake rataye baƙi. A naɗe shi da hoda a leda mai duhu, nesa da janareta. Wanda ya zo a cikin keken gwanjo kuma a ja shi a duba, in ya yi ƙananan tsage-tsage kamar ƙafar mai faso da hunturu, kwanansa ya ƙare. Masu tsere a ƙasashen duwatsu suna kuka da zafin birki a doguwar gangara, amma mu nan ba mu da gangarar da za ta kai ga haka.

Wani abin takaici a gefe guda: itacen nan ana nomansa a Edo da Delta, har cibiyar bincike a kansa gare mu a Iyanomo kusa da Benin. Amma Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina yin taya a Ikeja a 2008. Mu da auduga ta gina garinmu, muka kuma ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu ɗaya bayan ɗaya, labarin ba sabo ba ne a kunnenmu.

To me ya sa mutum zai ɗora wa kansa wannan ɗawainiya? Saboda daɗin tafiya. A kan kwalta mai gargada, lateks yana lanƙwasawa ya shanye girgiza, ƙafa tana gudu da ƙaramin ƙarfi, kuma ƙaramar ƙaya sau da yawa sai ya miƙe ya ba ta wuri maimakon ya huje. Wanda ya yi tafiyar Funtua zuwa Malumfashi da shi zai ji bambancin a wuyan hannunsa. Amma ba zan ba manomin da ke ɗora buhun taki a kariya shawarar ya neme shi ba, ko ɗalibin da ba shi da famfo a gida. Baƙin tib shi ne nasu: a ba shi iska a manta da shi mako biyu, in ya huje kowane mai faci a kowane ƙauye ya san maganinsa, in ya mutu a yanka a ɗaure kaya da shi.

Ni dai na raba gardama. Koren yana ƙafar gaba, inda nauyi bai da yawa kuma hannu ke jin daɗinsa. Ƙafar baya, mai ɗaukar nauyina da dukan rami, baƙi na sa mata. A ƙarƙashin sirdi kuma akwai wani baƙin a naɗe da ƙaramin famfo, domin a bakin hanya, da ƙura da sauri, ba wurin lallaɓa lateks ba ne. In akwai mai irin wannan keke ta wajen Ɗandume ko Ƙanƙara da nasa tib ɗin ya mutu, don Allah kada ya yar, ina neman guntunsa na faci.